Sunaye Biyu a Kan Kurman Katako

Erandi ta shigo shagon da safiyar Talata, gefen mayafinta ya jiƙe da yayyafi, hannunta riƙe da 'yar takarda a naɗe. Chencho bai ɗaga kai ba ya san ita ce. Shekara uku ke nan yana sauraren wannan takun, tun ranar da ta zo sayen maɓallan katako ta fita da zuciyarsa a cikin ƙunshin.

"Sarkin kati, aiki ake ko mafarki?"

"Mafarki nake, sai ga shi ya shigo da ƙafarsa."

"Daɗin baki tun da safe. Ina kwana, Don Eulogio?"

Mahaifin Chencho ya amsa daga can ƙuryar shagon, inda yake lanƙwasa gefen jita a jikin ƙarfe mai zafi. Shekara arba'in yana ƙera jita a nan garin Paracho. Chencho kuwa ɗan teburinsa na gindin taga, inda ake zubo masa guntayen da suka rage. Yana ɗan shekara goma sha biyu uban ya miƙa masa falle biyu na katako ya ce ya faɗi wanda ke waƙa. Tsoro ya sa ya nuna na hagu. Don Eulogio ya karɓe su ya ce, "Kunnenka na dutse ne, ɗana. Ba laifinka ba ne." Ba a sake tayar da maganar ba. Sai ya zamana Chencho na yanka guntayen nan sirara, yana goge su da samfefa har su yi santsi kamar kumatun jariri, yana rubuta sunayen mutane da sana'arsu a kai da alƙalamin wuta. Mai burodi, mai ɗinki, likitan haƙori, kowa ya zo ya yi nasa katin. Sana'a ce, tana ciyar da shi. Amma a garin masu jita, kowa ya san kujerar da mai kati ke zama.

Erandi ta ɗauki wani guntu daga kan teburin, ta riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunnenta, ta ƙwanƙwasa. Ba ta ma san ta yi ba. Wa ke ɗaukar katako a garin nan bai saurare shi ba?

"Aiki na kawo maka. Ɗari nake so, kafin bikin jita."

Ya warware takardar yana murmushi. Murmushin ya daskare a inda yake.

*Erandi da Leobardo. Jita da maratayi, aikin hannu.*

Leobardo! Wanda ya ci na ɗaya a gasar bara. Dogo, mai gashin baki, mai dariyar da ake ji daga tsallaken titi. Wanda tsofaffin gari ke cewa yana jin muryar itace tun yana tsaye a dawa.

"Rumfa ɗaya za mu kama," in ji Erandi, idonta na walƙiya. "Duk jitar da ya sayar da maratayina za ta tafi. Chencho, ka san shekara nawa ina saƙa ina ajiyewa a akwati? Yanzu saƙata za ta shiga manyan birane, Morelia da Guadalajara, a kafaɗar makaɗa!"

"Madalla." Ya gyara murya. "To me zai hana a raba? Hamsin naki, hamsin nasa."

"Rumfa ɗaya kati biyu? Kamar masu gaba?"

"Shawara ce kawai."

"Ajiye shawararka. Ka dai zaɓo mana jan katakon sedro mai kyau, wanda in an taɓa zai amsa. Ka san halin tsofaffin nan."

Ta shafa masa kai, ta kakkaɓe garin katakon da ke gashinsa, ta fita. Ya bi ta da ido ta taga har ta sha kwana. Takardar na hannunsa, sunaye biyu kafaɗa da kafaɗa kamar a katin ɗaurin aure. Shi da ya yi shekara uku yana jiran ya tara ƙarfin zuciyar da zai tura kawunsa wurin mahaifinta, ko a bangon makaranta ba a taɓa rubuta sunansa kusa da nata ba.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa leƙa cikin namiji ba.

Ranar Alhamis ya tafi shagon Leobardo da hujjar tambayar lambar wayar da za a sa. Tun daga bakin ƙofa ya ji kiɗa. Leobardo na tsaye da jita a ƙirji, Erandi a bayansa ta yi ɗage, tana gwada masa sabon maratayi mai shuɗi da ja. Allura a bakinta. Yatsunta na kan wuyansa, daidai inda gashi ya ƙare.

"Ka tsaya cak mana, kai kamar akuya!"

"Hannunki ne da sanyi, ni kuwa mutum ne mai rauni." Ya hango Chencho. "A'a, Chenchito! Shigo, ɗan'uwa. Ka zo ka ga yadda budurwarka ke azabtar da bayin Allah."

Chenchito, wai ɗan ƙaramin Chencho. Wata biyu kacal Leobardo ya ba shi.

Ya karɓi lambar. An miƙa masa kofin kunun masara ya ce ya ƙoshi. Leobardo ya dafa kafaɗarsa da wannan dogon hannu nasa ya ce, "Ka yi mana mai kyau fa. In kana shakkar katakon, kawo in saurara maka, ba komai."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Abin da ya fi ciwo ke nan. Erandi ta yi dariya, 'yar gajeruwa, mai yiwuwa ma allurar ce ta soke ta. Amma dariyar ta bi Chencho har titi, ta bi shi ta gaban coci, ta bi shi har bayan kasuwa, inda masu fiya ke jibge fasassun akwatuna. Nan ya tsaya. Farin katako, ɗanye, mai laushi, ruwan sama ya sha dukansa. Ya ɗauki falle ɗaya ya ƙwanƙwasa.

*Tuf.* Kamar an mari katifa.

Ya daɗe tsaye a wurin. Sannan ya tattara akwatuna shida ya ɗora a kai.

Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta makonnin nan biyu ba. Ya ce wa mahaifinsa akwatunan na hura wuta ne, ya kai su rumfar bayan gida. Ya yanka su da ƙaramin zarto, ya goge, ya zagaye kusurwoyin. Sai ya tarar da abin da bai zata ba: ko a cikin katakon banza akwai mai 'yar murya. Wani in an taɓa shi sai ya ce *tin*, a hankali, kamar mai neman afuwa. Irin waɗannan Chencho ya ware su gefe. Kurame yake so zalla. Ya zauna a kan kututture, ruwa na sauka a kan kwano, yana kai kati kunne yana ƙwanƙwasawa, wannan dama wancan hagu, har ya bi ta kan ɗari huɗu kafin ya cike casa'in da tara.

Ya dafa kofi mai kauri ya rina su sau uku, har suka yi jan sedro. Ya binne su kwana biyar cikin ɓawon sedro na gaske don su ɗauki ƙamshi. Sannan ya zauna rubutu. Sunan Erandi yakan ja shi a hankali, yana riƙe numfashi, harafin farko da 'yar jela kamar reshen fure. Na Leobardo ma ya yi shi da kyau, don kada a gane. Hayaƙi na tashi daga kowane harafi yana shiga idonsa, shi kuwa yana hango abin da zai faru: baƙin birni za su karɓa su yaba, ba su san komai ba. Amma tsofaffin Paracho za su kai kunne. Za su kalli juna. Gwanin bara, mai jin itace tun yana dawa, ga katinsa bebe! Za a yi shekara ana ba da labarin a wurin aski.

Sau ɗaya wata murya ta ce masa, *ai sunanta ma yana kai.* Ya ƙara wa alƙalamin zafi, muryar ta yi shiru.

Na ɗarin ya yi shi da sedro na gaskiya, ya ɗora a sama. Ya ɗaure su da jan zare, ya kai mata da safiyar buɗe biki, daidai lokacin da 'yan badujala ke wucewa ana harba tartsatsin wuta sama. Ta zare na saman ta ƙwanƙwasa. Ko a cikin hayaniyar ya yi ƙara kamar ƙaramar ƙararrawa.

"Kai, Chencho!" Ta rungume shi a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. "Wannan nawa ne, ba zan ba kowa ba." Ta cusa shi cikin rigarta.

Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Bai tafi ba. Ya koma ƙarƙashin barandar da ke fuskantar rumfarsu, ya sayi masara gasassa ya riƙe bai ci ba. Rumfar ta yi kyau, tilas ya yarda. Jita takwas rataye, kowace da maratayinta, launuka na kaɗawa cikin iska. Baƙi suna tsayawa, suna shafawa, suna karɓar kati suna shinshinawa. Leobardo na sunkuyawa yana faɗa wa Erandi wani abu a kunne tana ture shi.

Wajen hantsi Don Crisóforo ya iso, da sandarsa da malafarsa. Shi ne babba a alƙalan gasa, mutumin da ya haura tamanin amma kunnensa bai tsufa ba. Erandi ta miƙa masa kati da hannu biyu. Bai ko duba rubutun ba. Ya kai kunne.

Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya juya shi ya gwada ɗaya gefen.

"Leobardo, ɗana, wannan mamacin yaushe za a yi jana'izarsa?"

Tsofaffi biyu da ke bayansa suka matso. Kowa ya ɗauki ɗaya. *Tuf. Tuf.* Wani ya karce gefen da farce, farin katakon da ke ciki ya bayyana.

"Akwatin fiya ne wallahi!"

"Sedron Uruapan ke nan, garin fiya, mai zuwa da 'ya'ya a ciki!"

Dariya ta tashi, ta bi layin rumfuna kamar wutar kara. Wannan ne abin da Chencho ya yi mako biyu yana jira. Ya kalli Leobardo, ya ga kunnuwansa sun yi ja, ya ga dogon hannun nan yana gwada kati bayan kati. Daɗin ya zo, ba ƙarya, ya zo har maƙogwaro.

Sai ya ga wata mata, matar mai gidan saukar baƙi, ta kama ɗaya daga cikin maratayan tana ja da ƙarfi, tana murza zaren tsakanin yatsu, ta lasa yatsa ta goga ta ga ko rinin zai fita.

"In katin jabu ne, sai a duba sauran," ta ce wa ƙawarta, ba ta ko rage murya ba.

Erandi na tsaye. Idonta na kan hannun matar. Wata huɗu ta yi a kan wannan maratayin, masaƙa ɗaure a ƙugunta, har bayanta ya riƙe.

Masarar ta faɗi daga hannun Chencho.

Don Eulogio ne ya ratso taron, wani ya kai masa labari. Ya ja kujera ya zauna a gaban rumfar, ya jawo tulin katunan, ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka yi tsit. Ya daɗe. Da ya gama ya ɗaga kai, idonsa ya tafi kai tsaye barandar, kamar dama ya san inda ɗansa yake. Ya yafito shi.

"Wanda aka cuta da mugun katako," in ji tsohon, a hankali, "za ka samu goma ko ashirin masu 'yar murya a ciki. Nan babu ko ɗaya. Wannan zaɓa aka yi." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ashe kana da kunne. Ban taɓa zaton ranar da zan gane haka zan rasa inda zan sa fuskata ba."

Ya cire malafarsa ya ba Erandi haƙuri, ya ba Leobardo, ya tafi.

Leobardo ya buɗe baki, Erandi ta ɗaga masa hannu. "Tsare rumfar." Ta kama hannun rigar Chencho ta ja shi, ta gefen coci, zuwa lungun da masu furanni ke zubar da ganye. Ruwa ya fara sauka.

"Faɗa mini."

"Erandi, ni ba ke na nufa..."

"Sunan wa ke farko a katin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka iya karatu ai, kai ka rubuta. Sunan wa?"

"Naki."

"To." Idonta a bushe. "Me na yi da shi? Faɗi abin da ka gani."

"Hannunki a wuyansa."

"Maratayi a ƙafa ake gwada shi?"

"Kin yi dariya da ya ce zai saurara mini katako."

"Na yi dariya! Wayyo ni, na yi dariya, a kira 'yan sanda!" Ta buga ƙirjinsa da tafin hannu. "Shekara uku, Chencho. Uwata ta gaji da tambayata yaushe mutanenka za su zo. Ƙanwata ta yi aure ta haihu. Kai ba ka iya buɗe baki ka ce ina so ba, amma ka iya zaman mako biyu kana rina akwatin fiya da kofi!"

"Ina tsoro ne. Shi yana da komai. Ni me nake da shi, guntaye?"

"Ni na ce maka ina son komai?"

Ruwan ya ƙaru. Ya so ya durƙusa, ya so ya kama ƙafarta, ya so ya ce mata tun ranar maɓallan nan bai sake kallon wata ba. Duk kalmomin da ya tanada na shekara uku suka taru a bakinsa suka toshe ƙofa.

Ta goge fuska da gefen mayafi. "Saurara. Nan da kwana goma akwai baje kolin masu aikin hannu a Guadalajara. Kwana huɗu. Zan je, kuma da Leobardo zan je, in har bai fasa ba bayan abin da ka ja masa. Ba zan bar saƙata ta koma akwati don cikinka ya yi sanyi ba."

"Kwana huɗu?"

"Ka ji ka ko? Har yanzu!" Ta girgiza kai. "Za ka sake yi. Ɗari. Sunana da nasa, kamar yadda na rubuta. In hannunka zai iya sa sunan nan kusa da nawa a kan katako mai rai, to zan san zan iya zama da kai. In ba zai iya ba, kada ka zo tasha, kada ka zo ko'ina."

Ta tafi ta bar shi cikin ruɓaɓɓun furanni.

Kwana uku mahaifinsa bai yi masa magana ba. A na huɗu, da safe, Chencho ya tarar da ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, ɗakin da ake jera katakon da ya shekara ashirin yana bushewa, wanda ba a taɓa barinsa ya shiga shi kaɗai ba. Don Eulogio na can yana shafa gam, ya ba shi baya.

"Kada ka taɓa na saman," ya ce wa bango. "Na jitar bishop ne."

Ya shiga. Ya bi su falle falle, kuma a karon farko ba wanda ke tsaye a kansa yana jiran ya yi kuskure. Ya fito da guda biyu.

Yankan bai ba shi wuya ba, gugar ma haka. Rubutun ne. Sau ɗari ya rubuta Leobardo, kuma ba a sami sau ɗaya da abin ya zo da sauƙi ba. A na talatin da wani abu ya hango su a cikin mota, kanta na gyangyaɗi yana neman kafaɗa, hannunsa ya zame ya ƙone katin. Ya jefar ya ɗauki wani. A na sittin ya tuna Guadalajara na da wuraren rawa. Ya fita ya wanke fuska ya dawo. Ya yi zaton in ya kai ƙarshe ciwon zai mutu, kamar yadda ake faɗa a littattafai. Bai mutu ba. Ya dai koyi riƙe alƙalami da ciwon a ƙirjinsa.

Ranar tafiya ya isa tasha rana ta ɗan ɗaga. Ana ɗora jitoci a bayan mota, Leobardo na faɗa da mai lodi kada a danne su. Da ya ga Chencho sai ya bar faɗan. Suka kalli juna.

"Na yi maka ba daidai ba," in ji Chencho.

"Ka yi." Leobardo ya shafa gashin baki. "Har yau in na shiga wurin aski sai a tambaye ni kuɗin fiya." Bai miƙo hannu ba, amma ya matsa gefe ya ba shi hanya. "Tana ciki, Fidencio." Sunansa na yanka ya kira, ba Chenchito ba.

Ta sauko. Ba zare, ba ƙunshi, a buɗaɗɗen kwali ya kawo su. Ta zaro ɗaya daga tsakiya, ta zaro daga ƙasa, ta zaro daga gefe. Ta saurari kamar goma, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta duba rubutun, ta daɗe a kan suna na biyu.

Direba ya danna oda.

"Lahadin sama," ta ce, tana rufe kwalin. "Babana na gida bayan an taso coci. Ka turo kawunka Silvano, ba mai shan giyar nan ba. Kuma ku zo da burodi mai yawa, danginmu ba su da kunya."

"Erandi..."

"Ban ce na huce ba. Na ce Lahadi."

Ta hau. Ya bi gefen motar yana leƙen tagogi har ya same ta. Ta zauna a bakin taga, kwalin a cinyarta. Leobardo ya zo ya zauna kusa da ita, don ba wata kujerar. Ya fito da lemo daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa mata rabi. Ta karɓa.

Motar ta tashi. Chencho na tsaye cikin hayaƙinta, farin ciki ya cika shi har yana jin jiri. Zai je ya gaya wa Kawu Silvano, zai je wurin mai burodi. Ya juya ya kama hanya da sauri. Bai kai kwanar kasuwa ba ya tsinci kansa yana lissafin awa nawa ce daga nan zuwa Guadalajara, da kuma lemo nawa aljihun mutum ɗaya zai iya ɗauka.